Yadda na bi ganyen sabara daga damina zuwa bazara ina auna filabonoyid

Aikin da aka ba ni layi ɗaya ne a takarda: in auna yawan filabonoyid da ke cikin ganyen sabara, in ga ko yana canzawa da canjin yanayin shekara. Wanda ya ji haka zai ɗauka aikin kwalabe ne da na'ura a ɗakin gwaji. Wannan ko rabin aikin bai kai ba. Abin da ya fi yanke wa sakamakon hukunci a gindin itacen ake yin sa, wajen zaɓen ganyen da za a tsinka da lokacin da za a tsinke shi.

Filabonoyid ba sinadari ɗaya ba ne. Dangi ne babba, an gano fiye da iri 6,000 a cikin tsirrai, kuma duk gininsu ɗaya: ƙwayoyin kabon 15, zobe biyu masu kabon shida-shida da gadar kabon uku a tsakaninsu, wadda sau da yawa ita ma takan rufe ta zama zobe na uku. Kwasetin, kamferol, mirisetin, rutin, katekin, har da antosayanin mai ba furanni launin ja da shuɗi, duk 'yan wannan gida ne. A 1936 masanin nan ɗan ƙasar Hangari, Albert Szent-Györgyi, da abokin aikinsa sun zaci sabon bitamin ne suka samu, suka kira shi bitamin P. Daga baya aka janye sunan, domin jikin ɗan Adam ba ya kamuwa da wata cuta takamaimai don ya rasa su. Wannan ya taimaka mini wajen daidaita tunani tun farko: tsiro ba don mu yake haɗa su ba. Don kansa yake yi, saboda rana da ƙishi da ƙwari. Abin da ake haɗawa don biyan buƙata kuwa, dole ya ƙaru ko ya ragu gwargwadon buƙatar.

Sabara, wadda masana ke kira Guiera senegalensis, ta dace da irin wannan aiki. Ƙaramin itace ne mai fitar da rassa da yawa daga gindi, kuma tana riƙe ganyenta har cikin rani sosai, lokacin da 'yar'uwarta geza ta daɗe da kaɗe nata. Itacen da ya tsaya tsirara rabin shekara ba ya ba mai aunawa abin aunawa. An kuma riga an san cewa ganyen sabara na ɗauke da dangin mirisetin da kwasetin, saboda haka ba neman ko akwai nake yi ba, yawansu nake bi.

Na fara da zaɓen itatuwan a filin gwaji, masu tsayi kusan ɗaya, a ƙasa iri ɗaya, ba wadda ke ƙarƙashin inuwar babbar bishiya. Kowace na ɗaura mata lamba. Sai shinge, domin in akuya ta yagi reshe ba ganye kawai ta rage ba. Rauni kan sa tsiro ya ƙara wasu sinadaran kariya, kuma reshen da aka ci sabon toho zai fitar a lokacin da sauran ba sa toho. Duk ganyen da ƙwaro ya huda, ko wanda ya yi kumburin nan da ake gani a jikin sabara, ban taɓa shi ba.

Dokar tsinka ita ce zuciyar aikin, kuma malamina ya sa na rubuta ta da hannuna kafin in tsinki ko ganye ɗaya. Ganyen sabara bibbiyu yake fitowa, suna fuskantar juna. Zan ƙirga daga kan reshe, in bar na farko da na biyu, in ɗauki na uku da na huɗu, waɗanda suka gama buɗewa. Daga gefe ɗaya na itacen kullum, a tsayi ɗaya, da hantsi bayan raɓa ta bushe. Kowane wata haka, ko ana zabga ruwa jiya, ko sanyi na yanka yatsu.

Wata rana dattijon da ke gadin filin ya tsaya yana kallona ina ƙirge. Ya ce, "'Yata, ganyen nan ai duk na itace ɗaya ne. Mene ne na ƙirgawa?"

Na tsinko ɗaya daga kan reshe, ɗaya daga can ƙasa, na miƙa masa. Na ce, "Baba, murza su ka ji."

Ya murza, ya juya bayansu inda ɗigo-ɗigon baƙin nan suke, ya ce, "Lallai kam. Wannan ɗanye ne shar, gashinsa ma bai kwanta ba. Wancan ya ƙosa."

Abin da yatsunsa suka ji shi ne babbar matsalar duk wani bincike irin wannan. Ganye na da shekarunsa, ko in ce watanninsa. Sabon toho sau da yawa yakan zo da sinadaran kariya masu yawa idan aka auna da nauyinsa, domin fatarsa ba ta yi kauri ba, ba shi da wata garkuwa sai ta sinadari. Yana girma yana tara zare da itace a jikinsa, nauyi na ƙaruwa, sai kason filabonoyid a kowane giram ya sauka ko da ganyen bai rasa komai ba. Idan mutum ya tsinki sabon ganye a watan Yuli, tsoho a watan Maris, ya ga bambanci ya ce yanayi ne, wataƙila tsufan ganye kawai ya auna. Ƙirgen da nake yi yana rage wannan ruɗani, bai kawar da shi ba, domin ganye na uku a tsakiyar damina bai wuce 'yan makonni da fitowa ba, na uku a ƙarshen rani kuwa ya daɗe a wurin tunda reshen ya daina tsawo.

Ganyen a ambulan na takarda nake zubawa, ba a leda ba. Leda na sa shi gumi, kuma ganyen da ya ji zafi da danshi ko ya murje, akwai sinadaran da ke cikinsa da ke fara cinye filabonoyid ɗin nan take, har ka ga ya soma yin ruwan ƙasa. Ina isa ɗakin gwaji sai sikeli: nauyinsa ɗanye. Sai in jera wasu a kan takarda mai gidan dara in ɗauki hoto don in san faɗinsu. Sai na'urar busarwa a kan digiri 40, ana aunawa ana mayarwa har nauyin ya daina sauka. Ba a shanya shi a rana, ba a kuma ƙara wuta don sauri. Da damina wannan matakin ba ya jira ko kwana ɗaya, in ba haka ba fumfuna ta riga ka.

Hunturu ya zo da tasa. Ganyen sabara gashi gare shi, kuma gashin nan kama ƙura yake yi. Idan hazo ya yi kwanaki, sai ka ga ganyen ya yi furu-furu, in ka karkaɗa reshe ƙura ta tashi. Ƙurar nan nauyi ce. In aka niƙa ganye da ita, giram ɗaya na gari ba giram ɗaya na ganye ba ne, lissafi zai nuna filabonoyid ya ragu alhali ƙasa ce ta shiga sikeli. Wankewa da ruwa kuma ba mafita ba ce kai tsaye, domin a wasu tsirrai wani kaso na sinadaran a bayan fatar ganye yake zaune, kuma jiƙa ganyen da aka tsinka na jinkirta bushewa. Da buroshi mai laushi na riƙa share su, ciki da bai, ɗaya bayan ɗaya. Kuma tunda na share na hunturu, dole in share na damina ma duk da ba ƙura a kansu, don hannu ɗaya ya bi ta kan kowane samfuri.

Niƙa da tankaɗe ba su da wani labari. Gari mai laushi ɗaya, kwalba mai duhu, murfi a ɗaure, wuri mai sanyi.

Inda muka yi doguwar shawara shi ne lokacin aunawa. In ka auna na kowane wata a watansa, sinadaran aikin da fitilar na'urar na iya canzawa tsakanin wata da wata, ka ɗauki canjin kayan aikinka ka jingina wa itace. In ka tara duka ka auna rana ɗaya a ƙarshen shekara, garin farko ya kusa shekara a ajiye, na ƙarshe bai yi mako ba. Kowace hanya da ramin da ke cikinta. Abin da muka tsaya a kai shi ne a auna su rukuni-rukuni, sannan a ware gari ɗaya mai yawa a ajiye cikin firiza, a riƙa saka shi cikin kowane rukuni. In adadinsa ya motsa, to matsalar daga ɗakin gwaji take, ba daga fili ba.

Jiƙon da metanol ake yi, kashi 80 cikin ɗari, sauran ruwa. Ba abin wasa ba ne, guba ce mai makantarwa, saboda haka da safar hannu ake aiki, a cikin akwatin da ke zuƙe tururi. A auna gari, a zuba ruwan, a ɗora a na'urar girgiza, a tace. Tun a nan ido ke fara ganin shekara a jere kan tebur: ruwan damina kore shar mai duhu, na kaka ya fara sirkawa, na bazara ya karkata zuwa ruwan ɗorawa mai ƙasa-ƙasa. Abin sha'awa ne, amma launin nan ba shi ne amsa ba.

Gwajin da aka fi yi shi ne na almuniyam kulorayid. A bututun gwaji ana zuba mililita 0.5 na ruwan ganye, 1.5 na metanol, 0.1 na almuniyam kulorayid mai ƙarfin kashi 10, 0.1 na fotasiyam asitet, sai ruwa tsarkakke 2.8. A girgiza, a bar shi minti 30. Almuniyam ɗin na kama filabonoyid a wasu gurabe na jikinsa, haɗin ya ba da launin rawaya. Ba ya zuwa da gaggawa. Ɗigon na sauka za ka ga wani zare-zare mai haske ya ratsa ruwan, in ka juya bututun sai ya baje, rawayar ta yi ta nuna a hankali. Daga nan sai na'urar auna haske, a tsayin zango na nanomita 415, wato ma'aunin da ke nuna irin launin hasken da ake aunawa da shi. Ana kwatanta abin da ta karanta da layin da aka zana da kwasetin tsantsa mai sanannen ƙarfi, daga sifili zuwa maikurogiram 100 a mililita, a fitar da amsa a matsayin miligiram na kwatankwacin kwasetin a kowane giram na busasshen ganye. Kowane samfuri sau uku.

Kafin in fara, ma'aikacin da ke kula da ɗakin, mutum mai shekaru a aikin, ya dubi jerin bututuna ya ce, "Malama, kowane ɗaya ki yi masa abokin tafiya wanda babu almuniyam. Koren nan da kike gani shi ma na'ura na karanta shi."

Gaskiyarsa. Kulorofil, wato abin da ke ba ganye kore, yana shan haske sosai a wajajen nanomita 430, dab da inda muke aunawa. Ganyen damina kuwa cike yake da shi. In ba a cire rabonsa ba, zai hau kan na filabonoyid, watannin ruwa su fito da adadin da ya zarce na gaskiya, bambancin da ake nema ya dushe ko ma ya juye. Saboda haka kowane samfuri bututu biyu: ɗaya da almuniyam, ɗaya da ruwa a madadinsa, a debe na biyu daga na farko. Aikin ya ninka, amma na ga da idona yadda bututun kwatancen watan Agusta ke karanta adadi mai kauri shi kaɗai, na watan Afrilu kuwa ɗan kaɗan. Tun daga ranar, duk takardar binciken da na ɗauka, wannan layin nake fara nema a sashen hanyar aiki.

Da adadin suka taru na jera su, abin da na gani a itatuwana shi ne: ƙasa-ƙasa a tsakiyar damina, lokacin da ganye ke faɗi yana girma da sauri, hawa bayan ɗaukewar ruwa, ɗan tsayawa a kwanakin hazo, sannan sama a bazara. Sai kuma wani tsalle a farkon toho, wanda na fi danganta shi da ƙuruciyar ganye fiye da yanayi.

Dalilan hawan ba ɓoyayyu ba ne. Akwai wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, mai zango tsakanin nanomita 280 da 315, wanda ke lalata ƙwayoyin halitta. Tsiro na da furotin da ke jin wannan haske, UVR8, wanda aka tabbatar da aikinsa a 2011. Idan ya ji, sai ya tayar da jerin matakan da ke farawa daga fenilalanin, ɗaya daga cikin tubalan gina furotin, su bi ta kan sinadarin calkon, su ƙare a filabonoyid. Ganye na tara su a fatarsa ta sama da cikin gashinsa, tamkar rumfa ce yake kafa wa naman da ke ƙasa. Ƙishi kuma na ƙara nasa. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ganye na rufe ƙofofin numfashinsa don kada ya bushe, iskar kabon ta daina shiga, amma rana ba ta daina duka ba. Ƙarfin hasken da ya rasa aikin yi sai ya koma haifar da wasu nau'o'in iskar oksijin masu ƙuna, filabonoyid na cikin masu kashe su. Akwai kuma batun rabon abinci: da damina sukarin da ganye ya haɗa yana tafiya wajen gina sabon reshe da saiwa, idan girma ya tsaya kafin haɗa abinci ya tsaya, rarar kan koma sinadaran kariya. Wasu masana biyu, Herms da Mattson, sun yi dogon bayani a kan wannan ja-in-ja tsakanin girma da kariya a 1992. Tsayawar da na gani a hunturu ma ta yi daidai da abin da aka sani, cewa ƙura a sararin sama na tare wani kaso na hasken nan mai ƙuna.

Ba sabara kaɗai ba ce. A Sifen an daɗe ana nazarin wani ƙaramin itace mai ganye mai danƙo, Cistus ladanifer, aka ga filabonoyid ɗin da ke cikin danƙon yana ninkuwa a lokacin zafi da fari idan aka kwatanta da lokacin ruwa. Manoman shayi a Jafan kuma sun daɗe suna aiki da wannan ilimi ta ɗaya gefen: sukan rufe itatuwan da inuwa makonni kafin tsinka, katekin mai bauri ya ragu.

Amma akwai abu biyu da suka hana ni rubuta "filabonoyid ya fi yawa a bazara" in rufe littafi.

Na farko, gwajin almuniyam ba ya ganin dangin duka da ido ɗaya. A nanomita 415 yana jin kwasetin da 'yan'uwansa sosai, amma katekin kusan ba ya motsa shi. Akwai wata hanyar da ake ƙara sodiyam naitirayit da soda mai ƙarfi, launin ya koma ja-ja, a karanta a 510. Ita tana jin katekin da rutin, amma tana haɗawa da wasu sinadaran da ba filabonoyid ba ne ma. Na gwada garina da hanyoyin biyu, layukan ba su hau sun sauka tare ba a kowane wata. Kowacce gaskiya ta faɗa, amma a kan ɓangaren da take gani. Abin da ake kira "jimillar filabonoyid" a takardu da yawa jimillar abin da gwajin ya iya gani ne kawai. Shi ya sa na nemi a saka mini wasu samfuran a na'urar HPLC, mai rarrabe sinadarai ɗaya-ɗaya. Sai an fara dafa ruwan ganyen da asid don a cire sukarin da ke manne da su, sannan su fito a jere: mirisetin a gaba, kwasetin na bin sa, kamferol a baya. Bambancinsu ƙanƙane ne, rukunin haidiroksil, wato oksijin haɗe da haidirojin, uku a zoben gefe na mirisetin, biyu a na kwasetin, ɗaya a na kamferol. Amma masu biyu da uku sun fi iya kashe oksijin mai ƙuna, kuma sananne ne cewa ganyen da ke shan rana yakan karkata zuwa kwasetin fiye da kamferol. Wato ba yawan kawai ke canzawa ba, har irin da ake haɗawa. Ganye biyu na iya ba da jimilla ɗaya alhali cikinsu daban.

Na biyu ya fi girgiza ni. A wani wata na bazara na karya dokar tsinka da gangan, da iznin malamina: na ɗebi ganye daga saman itace inda rana ke duka, na kuma zura hannu can ciki inda inuwa take. Itace ɗaya, safiya ɗaya. Na waje ƙanana ne, masu kauri, fari-fari. Na ciki sun fi faɗi da laushi da kore. Ratar da ke tsakaninsu a na'ura ta kusa kamo wadda ke tsakanin wasu watanni biyu masu nisa. Da na sake lissafin a kan faɗin ganye maimakon nauyinsa, ratar ta ƙara buɗewa, domin ganyen rana ya fi nauyi a kowane santimita. Wane lissafi ne daidai ya danganta da tambayar. Mai son ya san abin da zai samu daga kilo ɗaya na busasshen ganye, nauyi ne nasa. Mai son ya san yadda itace ke kare kansa daga rana, faɗi ne nasa, tunda a kan faɗi haske ke sauka.

Wannan ne ya sa raina ke ɓaci idan na ga an rubuta cewa itace kaza na ɗauke da miligiram kaza na filabonoyid, ba wata, ba shekarun ganye, ba gefen da aka tsinka, ba yadda aka busar. Adadin nan na wani ganye ne a wata rana, ba na itacen ba ne har abada. Kuma mutane na ɗora abubuwa a kansa: masu haɗa magunguna daga tsirrai, masu kwatanta wannan itace da wancan, ɗaliban da za su kwafa su gina nasu aikin. Biyu za su auna itace ɗaya su sami amsa mabambanta, a yi ta zargin na'ura, alhali ɗaya da damina ya tsinka, ɗaya da rani. Haka kuma yawan filabonoyid a bututu ba shi ne ƙarfin magani a jikin mutum ba. Hanji kaɗan yake tsotsa daga cikinsu, hanta kuma ta sauya wanda ya shiga. Wannan wani bincike ne daban, da nasa ƙa'idojin.

Shekara ɗaya labarin shekarar kawai take bayarwa, da irin ruwanta da irin hazonta. Don haka aikin ya shiga zagaye na biyu, da gyara guda a dokar tsinka. Yanzu duk sabon ganyen da ya buɗe ina ɗaura masa zare a gindi, kowane wata da launinsa, don in san ranar haihuwarsa. Da haka zan iya tsinko ganye masu wata biyu da fitowa a lokuta daban-daban na shekara, in kuma tsinko masu shekaru daban-daban a rana ɗaya, in raba abin da yanayi ya yi da abin da tsufa ya yi. An kuma ware wasu itatuwan da za a riƙa ba su ruwa duk rani, wasu a yi musu inuwa da raga, domin zafin rana da ƙishi tare suke zuwa a bazara, kuma sai an raba su da hannu kafin a san rabon kowanne.